Yatsuna Biyu da 'Ya'yan Toka

Duk wadda na miƙa wa hannu mu gaisa sai na ga idonta ya sauka a kansa, sannan ta yi maza ta kau da kai kamar ba ta gani ba. Yatsu uku ne a hannuna na dama. Wasu sun ce kada ne ya cije ni, wasu sun ce kuturta ce ta fara ta fasa, har akwai wadda ta ce wai maigidana ne ya sare su da adda. Na gaji da ba da amsa ɗaiɗai, shi ya sa na ce a rubuta mini abin da ya faru, musamman saboda mata masu bandar kifi irina. Sunana Hansai, kuma ba kada ba ne. Kyanwa ce, da wuta, da taurin kaina.

A wani ƙauye muke a cikin fadamar Haɗeja, inda ruwa kan kewaye mu da damina har sai da jirgi ake fita. Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru bayan sojojin da aka kai yaƙin duniya a ƙasar Bama sun dawo. Maigidana masunci ne. Ba zan kama sunansa ba, Malam nake ce masa. A kan gora yake su: ya kifa ciki a kan ƙaton gora yana iyo da hannu da ƙafa, kifin da ya kama ya jefa ta bakin goran. Mutum ne mai ƙarancin magana da saurin hannu. Ni kuma aikina banda. Murhu biyu gare ni a bayan ɗaki, na laka, tsawonsu ya kai ƙugu, da ƙofar wuta a ƙasa da itatuwa a gicciye a sama inda ake jera kifi. Mahaifiyar Malam, Inna Fanna, tare muke zaune. Ita ta koya mini sana'ar, ita kuma ke tsaye a kaina da baki safe da yamma.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gidan da ake banda kuwa gidan ɓera ne da gafiya, kuma sun sha yi mana ɓarna kafin Allah ya kawo mana wata kyanwa mai launin toka. Toka muke ce mata. Ba ta yarda a ɗauke ta, ba ta shafar ƙafar kowa, amma tun da ta zo ko ƙashin kifi ɓera bai ƙara ja ba.

Da ruwa ya fara janyewa na lura ta canza. Kan nononta ya yi ja, cikinta ya buɗe ta gefe biyu, ci ya ƙaru, ga barci da rana tsaka. Muzurun da ya saba hauro mana katanga, wani baƙi mai ƙaton kai, yanzu da ta hango shi sai ta tayar da gashi ta kai masa mari.

Inna ta ce, "Ciki ne. Wata biyu ne da 'yan kwanaki, ki ƙirga. In kin ga ta fara shinshina lungu-lungu, ki ba ta wuri."

Wurin da ta zaɓa shi ne adudun kayana, inda nake ajiye zannuwan aurena. Na same ta a ciki ta tattake su, na kore ta. Kashegari ta koma, na kore ta. A karo na uku na bi ta da tsintsiya har ƙofar gida, na ɗora dutsen niƙa a kan murfin adudun.

Inna ta ce, "Ke 'yar nan, mai ciki kike duka? Zane ai wanke shi ake yi."

Na ce, "Inna, in kina tausayinta ga naki adudun can." Haka bakina yake a lokacin, Allah ya yafe mini. Daga ranar Toka ta ɓace, sai dai a ga wulgawarta.

Akwai al'adar da Inna ta koya mini tun ina amarya. Murhun da ya kwana biyu ba a kunna ba, ba a sa masa wuta sai an yi masa sallama. A ɗauki sanda a buga cikinsa sau uku, a ce salamu alaikum, sannan a tona tokar da sandar. Tokar murhu tana riƙe ɗumi, maciji da kunama da kaza mai kwanci duk suna sonta. Akwai sandar da aka jingine a jikin murhun musamman don haka. Ni kuwa a raina na ɗauke shi camfin tsofaffi, ina yi ne kawai in tana kallo. Murhuna na biyu ya yi kusan wata ba a taɓa shi ba.

Ranar da abin ya faru masunta suka faɗa wa wani tafki da ruwa ya yanke. Tun hantsi Malam yake ta kawo kifi, tarwaɗa da ƙarfasa, har murhu ɗaya ya cika ya rage tuli a ƙasa. Rana na dukansa, ƙuda ya fara taruwa. Inna ta shiga maƙwabta barka. Na cusa kirare da busasshiyar ciyawa ta ƙofar murhu na biyu, na ɗebo garwashi a tsingaro na zuba, na durƙusa na hura. Sandar tana nan a jingine, na gan ta da idona.

Ƙarar da ta fito daga murhun nan har yau ban ƙara jin irinta ba. Toka ta faso ciyawar ta fito bayanta na ci da wuta, ta yi birgima a ƙasa, ƙaurin gashi ya cika gidan. Na ɗauka guduwa za ta yi. Sai ta juya ta koma cikin wutar. Ta fito da wani abu ɗan mitsitsi a baki, ta ajiye, ta sake juyawa. A nan na gane abin da na yi. Na ture ta na cusa hannuna na dama cikin murhun har kafaɗa, ina lalube a cikin toka da garwashi. Na ji fatata tana tsuwa. Na damƙo biyu na jawo.

Ita ba ta san ceto nake yi ba. Abin da ta gani shi ne matar da ta kore ta da tsintsiya ta sa mata wuta, yanzu kuma ga 'ya'yanta a hannunta. Ta yi tsalle ta kafa haƙora a gefen hannun da ya ƙone, wajen ƙaramin yatsa, ta rungume damtsena da ƙafafun gaba tana yagar fatar da na baya. Na yi ihu, na yarfa, na buga ta da jikin murhu, ba ta saki ba. Ina jin haƙorinta yana gogar ƙashi.

Daidai nan Malam ya shigo da kulkin da yake fasa kan tarwaɗa. Bai tambayi komai ba. Ya sauke mata shi a ƙugu, na ji ƙas, bakinta ya buɗe ta faɗi. Ya sake ɗaga kulkin.

Na ce, "Malam, kada ka ƙara! Ni na ƙona ta! Haihuwa ta yi a ciki!"

Ya tsaya da kulki a sama yana haki. 'Ya'ya biyar ta haifa, ko cibiyarsu ba ta bushe ba. Biyu sun ƙone a cikin murhu, Malam ya tono su da sandar nan. Cikin biyun da na jawo, ɗaya ya shaƙi hayaƙi, kafin la'asar ya mutu. Suka rage biyu, mace da namiji. Da Inna ta shigo ta dubi hannuna, ta dubi kyanwar tana jan gindi a ƙasa zuwa wajen 'ya'yanta, ta dubi murhun. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Cewa kawai ta yi, "Kin yi masa sallama?" Na sunkuyar da kai.

Makon farko gidanmu ya zama ɗakin jinya biyu. A nawa ɓangaren, kowa ya shigo da maganinsa. Inna ta fasa ɗanyen ƙwai ta shafa a ƙunar. Wata maƙwabciya ta ce zuma, wata ta ce garin bagaruwa, wata tsohuwa ta rantse kashin shanu ne maganin wuta, na ce ta kai wa jikokinta. Duk hankalinsu yana kan ƙunar, don ita ce mai ban tsoro, ta tashi ƙuraje masu ruwa daga yatsu har gwiwar hannu. Cizon kuwa 'yan ramuka huɗu ne, kwana biyu bakinsu ya rufe. Muka ce alhamdu lillahi, wannan ya warke.

A ɓangaren Toka, na sa Malam ya sauke dutsen niƙan, na juye zannuwan a ƙasa, na shimfiɗa tsumma a adudun. Yanzu da ba shi da amfani na ba ta. Ƙafafunta na baya sun mutu, cikinta ya saɓule, nono biyu kawai suka tsira. In 'ya'yan suka kama sai ta saki kuka jikinta na rawa, amma ba ta taɓa ture su ba. Ni kuwa in na matso sai ta buɗe baki ta yi mini huci. Da doguwar muciya nake tura mata kifi da ruwa a sakaina.

Kwana uku nonon ya ƙafe. 'Ya'yan suka yi ta tsuwa, idonsu a rufe, cikinsu a lotse. Na ba su madarar shanu, suka kama zawo. Inna, wadda ta rantse ba ruwanta, ta ce daga bakin ƙofa, "Ta akuya ake ba su, da ɗumi. Ki murɗa bakin tsumma ki tsoma su tsotsa. Kuma kada ki kwantar da su rigingine, shaƙewa za su yi." Ta tatso akuyarta ta dangwara mini. Ita ce kuma ta nuna mini abin da ban taɓa sani ba: jaririn kyanwa ba ya fitsari ko kashi da kansa sai uwar ta lashe masa gindi. Toka ba ta iya lanƙwasawa ta kai gare su, don haka bayan kowane ci sai in jiƙa tsumma da ruwan ɗumi in shafa musu har su yi. Da hannun hagu nake duk wannan, na dama yana rataye a wuya yana bugawa kamar ganga.

A kwana na shida, da azahar, zazzaɓi ya kwantar da ni. Ina jin motsi na buɗe ido, sai ga baƙin muzurun nan a bakin adudu. Ƙanshin madara da jini ya jawo shi. Kafin in yunƙura ya cafke namijin a ka, na ji ƙurus. Toka, da rabin jiki, ta jawo kanta da ƙafafun gaba ta maƙale masa a fuska. Suka faɗo ƙasa suna birgima, gashi na tashi, jini ya fantsama har jikin randa. Na jefa masa muciya da hagu na kuskure, na jefa kasko ya fashe a bango. Ta ƙwaƙule masa ido ɗaya, shi kuma ya yage mata wuya, ya haura katanga da ɗan a bakinsa. Na ɗauke ta na mayar da ita adudu, ranar ce kaɗai ta bari na taɓa ta. Da safe na same ta ta sandare, 'yar macen tana tsotson nonon da babu komai a ciki.

Inna ta ce a gaban Malam, "Mu dai mun taso ana cewa wanda ya kashe kyanwa hannunsa ba ya daina rawa." Ni na ɗauka da ni take. Sai na ga Malam ya dubi tafin hannunsa. Ba wanda ya sa shi, ya ɗauki fartanya ya je ya binne ta a gindin tsamiya.

Mako na biyu hannun ya nuna halinsa. Ƙunar ta fara bushewa, amma gefen da aka ciza ya kumbura ya yi sheƙi. Kaluluwa ta fito mini a hammata, wani jan layi ya taso daga wuyan hannu yana hawa. Aka kira wanzami ya tsaga ya sa ƙaho, ya jawo baƙin jini da mugunya, ya tafi da kajina biyu ladan aikinsa, kumburin ya dawo washegari ya fi na da. Ƙaramin yatsan da na kusa da shi suka yi baƙi, na daina jin su. Wari ya fara, har Inna takan toshe hanci da gefen mayafi in za ta shigo.

Malam ya ce, "Gobe kasuwar Haɗeja, akwai jirgi. Asibiti za ki."

Na ce, "Wa zai ba 'yar kyanwar madara?"

Inna ta tafa hannu. "La ilaha illallahu! Saboda wannan abu mai kama da ɓera za ki ba da hannunki? Kawo ta nan in jefa ta kogi kowa ya huta!"

Na ce, "Na kashe huɗu da uwarsu. In wannan ta mutu, me zan ce ranar da za a tambaye ni? Ba inda za ni." Haka na ƙi jirgin ranar, na ƙara kwanaki ina jiƙa tsumma hannu na ruɓewa. Wannan wauta ce, kada wata ta yi koyi da ni. Ranar da jirgin ya sake zagayowa ban ma san inda kaina yake ba sosai. Malam ya sunkuce ni kamar buhun gero, ina dukansa da hagu ina zaginsa, ya dire ni a cikin jirgi, Inna ta shigo ta danne mini ƙafafu. Shi ba zai bi mu ba, kakar kamun kifi ce. Jirgi na tashi ina ƙwala masa kira: "Madarar akuya! Da ɗumi! Ka share mata gindi!" Mutanen jirgi suka yi ta dariya. Shi ko juyowa bai yi ba.

Mun isa Haɗeja an tashi daga asibiti, muka sauka gidan wata 'yar'uwar Inna. Da sassafe muka bi layi a gindin bishiya, masu gyambo da masu tari da mata da goyo, har rana ta take. Da malamin asibiti ya kwance tsumman, na kusa da ni suka watse. Ya yi mana faɗa kamar ya ari baki, ya ce sai abu ya lalace muke kawo musu a ce su yi sihiri. Ya latsa inda ramukan nan huɗu suke, mugunya ta yi tsartuwa. Maganar da ya faɗa ita ce ban manta ba: "Ba wutar ce ta ci hannun nan ba, haƙorin ne. Cizon kyanwa bakinsa ƙarami, cikinsa rijiya. Ya rufe a sama, ya yi ta ɓarna a ƙasa."

Likita Bature ba kullum yake zuwa ba, sai da muka jira shi kwana biyu. A kwanakin nan kowace safiya mutum biyu ke danne ni a kan benci, malamin ya goge ruɓaɓɓen naman da auduga da wani magani mai zafin barkono, ina ihu har bakin titi ana ji. Na zage shi, na zagi iyayensa, bai fasa ba, kuma yau ina sa masa albarka. Da Baturen ya zo ya juya hannun sau biyu, ya yi magana, malamin ya fassara: yatsu biyu za su tafi, da mun ƙara kwana uku da daga gwiwar hannu za a yanke. Suka ɗora mini wani tsumma mai wari a hanci. Na farka ina amai, hannuna a naɗe, Inna tana zaune tana mini fifita tana kuka. Matar da nake ce wa mai baki, ita ta yi mini wanka, ta ɗauke mini fo na bayan gida, ta ba ni abinci a baki don kada mutane su ga ina ci da hagu.

Mako uku muka yi ana allura ana wankin ciwo. Tasoshin aurena suka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya, kifin ranar gobara kuwa tuni ya ruɓe a ƙasa, kakar banda ta wuce ni. Amma abin da ya fi cin raina shi ne Malam ko sau ɗaya bai leƙo ba. Sai dai 'yan jirgi su ce yana gaishe ki. Na ce lallai, mace ta zama mai yatsu uku an fara yi mata gaisuwar saƙo. 'Yar kyanwar kuwa ban tambaya ba. Na san mutumin da ya sauke wa mai jego kulki ba zai zauna murɗa tsumma ba. Na riga na yi mata kuka na gama.

Ranar da muka koma, jirgi ya tsaya a mashaya masunta suna fitowa daga ruwa. Da suka gan ni suka yi mini barka, sai wani ya ɗaga murya ya ce, "A gaya wa mai jego matarsa ta dawo!" Duk suka fashe da dariya. Ban gane ba. Can na hango Malam yana tahowa a kan goransa, a hankali, ba irin iyon da na san shi da shi ba. Kifinsa, ɗan kaɗan, a tsire yake a igiya ya ɗaura a ƙugu, abin da mai gora ba ya yi. Ya fito ya rungumo goran ya ajiye a gabana kamar mai ajiye ƙwai. Bai ce mini sannu ba. Ya zura hannu ta bakin goran, ya fito da 'yar kyanwar.

Idonta a buɗe tar, kunnuwa sun miƙe, cikinta ya yi tim. A cikin goran akwai tsohuwar rigarsa a shimfiɗe da 'yar butar duma ta madara. Ashe ya ga ba ta jure yini ba ci, gida kuma ba kowa sai muzuru mai ido ɗaya, sai ya mayar da goran sana'arsa ɗakinta. Yana su tana ciki, in ta yi kuka ya fito gaɓa ya ɗumama madara a hammata ya ba ta, abokansa na yi masa waƙa. Shi ya sa bai zo Haɗeja ba.

Ya ɗora mini ita a tafin hannun nan mai yatsu uku, ya kau da kai ya ce, "Na share mata gindin kamar yadda kika ce. Yanzu ta iya da kanta."

Na zauna a cikin laka na yi kukan da ban yi ba ko a kan bencin asibiti.

To, mata 'yan'uwana, ga abin da na saya da yatsu biyu, ku karɓa kyauta. Kyanwa mai ciki in ta zaɓi wuri, ku bar mata. Murhun da ya huta, ku yi masa sallama ko da kifi zai ruɓe. Cizon kyanwa kuma kada ku ga bakinsa ya rufe ku ce ya warke, ku nufi asibiti tun hannu yana naku.

'Yar Gora muka sa mata suna. Shekara na zagayowa na ga kan nononta ya yi ja, ta fara shinshina lungu-lungu. Ban jira ta tambaya ba. Na buɗe adudu, na bar zannuwan a ciki.